Kai Yara Kallon Abuja Ba Sai Mai Hannu Da Shuni Ba

A duk shekara idan manoman Doma suka kaɗe riɗi suka haƙe doya, lokacin ne kuɗi ke ɗan shiga aljihu, kuma lokacin ne makarantu ke ba da hutun Disamba. To, a nan ne yara kan fara damun iyayensu da roƙon a kai su su ga Abuja. Magidanta da yawa kan kawar da zancen, wai Abuja garin manya ne, talaka ba ya shigarsa sai da dalili.

Abin mamaki shi ne Jihar Nasarawa na maƙwabtaka da babban birnin tarayya, amma akwai yaran da suka gama firamare a Doma ba su taɓa ganin birnin ba sai a jikin takardar kuɗi. Alhali kuwa mafi yawan abin da yaro zai so gani a can ba a biyan ko kwabo.

Kuɗin mota shi ne babban nauyi, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Daga Doma sai Lafiya, daga nan a bi ta Akwanga da Keffi har Mararraba, tafiyar kamar awa uku zuwa huɗu. Wanda ke da ɗan'uwa a Masaka ko Mararraba, waɗanda duk cikin Jihar Nasarawa suke, ya huta da kuɗin masauki, domin kwana ɗaya a otal ɗin tsakiyar birni na iya cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Ranar Asabar ta fi dacewa da shiga gari, saboda a ranakun aiki cunkoson Nyanya da safe kan sa yaro ya gaji tun bai ga komai ba.

Da an doshi shataletalen AYA, ga Dutsen Aso nan tsaye, kallonsa kyauta ne. A gindinsa, ta wajen Asokoro, akwai gidan namun daji da filin wasan yara na ƙasa. Nan kam ana yankar tikiti, sai dai kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma yaro zai ga jimina da kada da birai ido da ido.

Amma inda ya kamata a shimfiɗa tabarma a yini shi ne lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe ranar 4 ga Disamba, 2003. Faɗinsa ya kai hekta 32, ga ciyawa shar, ga inuwa, ga rafi ya ratsa ta ciki, kuma ba a karɓar kuɗin shiga. Yara na iya guje-guje har su gaji. A nan ne uwar gida mai dabara ke nuna gwanintarta: ta soyo doya tun daga gida, ta haɗo da ƙuli-ƙuli da kantun riɗi, ta ciko jarka da zoɓo ko kunun zaƙi. Abin da za a kashe wa yaro ɗaya a gidan abincin birni ya isa ciyar da iyali duka da guzurin gida. Masu tallan alawa da balan-balan kuwa ba su da iyaka, saboda haka gara a ba kowane yaro ɗan canjinsa a hannu tun da safe, a gaya masa in ya ƙare ya ƙare.

Kafin la'asar sai a gangara tsakiyar birni a ga Masallacin Ƙasa mai ƙubbar zinariya da hasumiya huɗu, wanda aka gina a 1984, da kuma babbar majami'ar ƙasa da ke kusa da shi. Ginin Babban Bankin Nijeriya ma yana wannan yanki. Uba ya zaro takardar naira dubu ya juya bayanta, ya bar yaran su gwada hoton da ginin da ke gabansu.

Dutsen Zuma, wanda aka sa a bayan naira ɗari ta 1999, yana can hanyar Kaduna cikin Jihar Neja, watau ɗaya gefen birnin ke nan. In aljihu ya yi sauƙi a bar shi sai wata shekara.

Wajen da bai kamata a yi tsimi ba shi ne motar shiga gari. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja, kuma akwai ɓata-gari da ake kira 'yan wan-cans masu ɗaukar fasinja a bakin titi su yi masa fashi. A shiga mota a tasha ko da ta fi tsada, a rubuta lambar wayar uba a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a kuma kamo hanyar masauki tun rana ba ta faɗi ba.