Inda Ya Kamata Ƙwallon Tebur Ta Sadu Da Katako

A Kwangila, mahaɗar hanyar Kano da ta Funtuwa, kamar sauran unguwannin Zariya, samari kan kafa tebur da la'asar su yi ta buga ƙwallo. Bugun da ya fi cin wasa a wurinsu shi ne na murzawa, watau a shafi ƙwallon ta tafi tana juyawa gaba, ta haye raga mai tsawon inci 6, sa'an nan ta sunkuya ta faɗa kan tebur. Wannan bugu ya yi ƙarfi ne bayan 1952, shekarar da Hiroji Satoh, mutumin Japan, ya ci gasar duniya a Bombai da katako mai soso.

To, asirin abin yana ga wurin da ƙwallo ta taɓa katakon. Gwanaye kan tare ta gaba kaɗan da tsakiya, wajen kai, nesa da mariƙi. Dalili kuwa shi ne, in an wurga hannu, kan katako ya fi gindinsa gudu, kamar yadda bakin bulala ya fi mariƙinta zafi. Wanda ya tare ta kusa da mariƙi, bugunsa ba shi da kaifi. Wanda kuma ya zarce har baki, katakon ya kan yi rawa a hannunsa, ƙwallo ta yi waje.

Waɗansu na cewa a tare ta a gefe domin ta mirgina bisa roba. Wannan zato ne kawai, domin saduwarsu ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Abin da a ke bukata shi ne a kifa katakon kaɗan, a shafi bayan ƙwallon ta sama, hannu ya tashi daga wajen gwiwa zuwa goshi. Da irin wannan bugu Aruna Ƙadiri, ɗan Oyo, ya shiga cikin takwas na ƙarshe a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, abin da wani ɗan Afirka bai taɓa yi ba kafinsa.

Uban da ya sayi katako da kuɗinsa ya iya gane hannun ɗansa ko bai je bakin tebur ba. Ya dubi robar. In ta suɗe wuri guda gaba da tsakiya, yaro ya kama hanya. In kuwa gefe ne ya yayyage, da sauran karatu, kuma sabuwar roba na jiran aljihunsa.