Hular Kwano da Kwaɗo

Ka tambayi shugaban kowane kamfanin aikin lantarki ko gyaran injuna a Bauchi me yake yi don kare ma'aikatansa, zai kai ka sito ya nuna maka hulunan kwano, takalman aiki, safar roba da riguna masu ƙyalli. Da wuya ya nuna maka kwaɗo. Ni kuwa a ganina ɗan kwaɗon nan da ake sayarwa a kasuwar Wunti ya fi hula tsare rai.

Hula tana da ranarta. Idan sifana ta suɓuce daga saman falwaya, wanda ke ƙasa riƙe da tsani zai gode mata. Sai dai aikinta yana farawa ne bayan haɗarin ya riga ya taso, kuma tana ɗora nauyin duka a kan ma'aikaci. A zafin Afrilu, mutum ya yini a rana gumi na zuba a idonsa, zai cire ta ya sha iska. In tsautsayi ya faɗa a wannan lokacin, amsar kamfani a shirye take: ai mun ba shi, shi ya cire.

Kwaɗo kuwa hana haɗarin tasowa yake yi. Kafin a taɓa layi mai ƙarfin bolt 11,000, ana kashe shi daga makunni, a datse makunnin da kwaɗo, makullin ya shiga aljihun wanda zai hau, ba aljihun oga ba. Sannan a gwada layin a tabbatar ya mutu, a haɗa wayoyinsa da ƙasa. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, alhali a gari irin namu shi ne mafi muhimmanci. An ɗauke wuta, kowa ya ce layi babu komai, sai wani mai shago ya tayar da janareta ba tare da ya raba shi da layin kamfanin wuta na JED ba. Wutar ta koma da baya, taransifoma ta ɗaga ta, ta iske mutum yana rungume da waya. Hula ba ta da abin yi a nan.

To me ya sa kamfanoni suka fi son hula? Sau ɗaya ake sayenta, kuma tana fitowa a hoton da za a kai wa mai ba da kwangila. Kwaɗo yana cin lokaci kullum: a nemi izinin kashe layi, a rubuta takardar izinin aiki, a jure ƙorafin unguwar da aka bari a duhu. Lebura mai aikin yini, ko ɗalibin jami'ar ATBU da aka turo sanin makamar aiki, ba shi da bakin da zai ce a kashe wa unguwar Yelwa wuta. Injiniya ne kaɗai zai iya, don haka alhakin na wuyansa da na kamfaninsa.

Doka ma can ta ajiye shi. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai wurin aiki ya killace injuna masu haɗari ya kuma samar da kayan kariya. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, daga aljihunsa, ba tare da ya yanki na ma'aikaci ba, kuma ta haɗa har da masu aikin wucin gadi da masu koyon sana'a.

Masu ba da kwangila a jihar nan suna da ƙarfin da lebura ba shi da shi. Kafin su saki kuɗi, su nemi ganin takardun izinin aiki da aka sa wa hannu, da shaidar biyan NSITF, su kuma je wurin aikin ba sanarwa su duba makunnin da idonsu.