Wa Zai Biya Tafintan Kurma? Abin da Na Gani a Kasuwar Balad

Balad ba ta cika farkawa sai an yi la'asar. A lokacin ne masu shaguna a Suƙ al-Alawi ke ɗaga ƙofofi, ƙamshin turaren wuta ya gauraya da na gahawa, inuwar tagogin katakon nan da ake kira rawashin ta sauko kan lunguna. Tun 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Jidda cikin wuraren tarihi na duniya, amma a wurin Bahaushe Balad kasuwa ce kafin komai. Nan alhazai da masu Umara ke sayen tsaraba, nan 'yan kasuwar Kano da Maraɗi ke sarin abaya da jallabiya da turare.

Da ɗan ƙanen mahaifina na shiga kasuwar. Tela ne a Kano, sanƙarau ya ɗauke masa ji yana ɗan shekara uku. Ciniki bai taɓa gagararsa ba. Ya ɗaga abaya, ya duba ɗinkin ta ciki, mai shago ya buga kuɗi a kalkuleta, shi kuma ya girgiza kai ya goge ya buga nasa. Kafin ni mai kunne in gama haɗa Larabcina, sun daidaita har sun yi musabaha. Inda ya tsaya cik shi ne da wayarsa ta yi tsuwa. Mai kago ne ke kira a kan awon kayansa, kuma mutumin ba mai son rubuta saƙo ba ne. Na miƙa hannu zan karɓa, ya hana ni, don maganar hannuna ba ta wuce gaisuwa da tambayar abinci ba, maganar kuɗi kuwa ba a yi mata kame-kame. Sai ya jingina wayarsa da tarin dardumai, ya kira ƙanwarsa a Kano ta bidiyo, ya sa na kira mai kago da tawa na buɗe sifika, muka kanga wayoyin biyu kusa da juna. Yana magana da hannu, tana kallo, tana cewa, "Alhaji, Yaya ya ce kilo arba'in aka auna jiya, ba hamsin ba." Mai kago ya amsa, ta mayar wa yayanta da hannu. Cikin minti biyar magana ta ƙare.

Abin da suka haɗa a bakin shagon nan shi ne ainihin hidimar da wasu ƙasashe suka yi wa doka da asusu. Kurma ya kira ta bidiyo, ƙwararren tafinta ya bayyana a fuskar waya, ya buga lambar wanda ake nema, likita ne ko banki ko makarantar yara, ya riƙa juya maganar hannu zuwa murya, murya zuwa maganar hannu. Mai ji ma yana iya kiran kurma ta wannan hanya. Bambancin kawai shi ne tafintan ɗan'uwana ƙanwarsa ce, tana da miji da 'ya'ya da aikinta, tana barci, kuma akwai maganar da namiji ba zai so ta bi ta bakin ƙanwarsa ba.

Wayar tarho ta yi kusan shekara casa'in ba ta da wani amfani ga kurame. Sai a 1964 wani masanin kimiyya kurma a Amurka, Robert Weitbrecht, ya ƙera na'urar da ta haɗa keken rubutu da layin waya, aka fara hira da rubutu. Daga nan aka samu masu shiga tsakani da ke karanta wa mai ji abin da kurma ya buga. Rubutu yana da nawa, ga shi harshen da ake rubutawa ba shi ne harshen farko na yawancin kurame ba. Shi ya sa da bidiyo ya samu, wani ma'aikaci kurma a hukumar kula da kamfanonin waya da wuta ta jihar Texas, Ed Bosson, ya matsa har aka yi gwaji a Austin a 1995. Suwidin ta buɗe wa jama'a hidimar a 1997, hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince da ita a 2000.

Tun can ba na'ura ce ke cin kuɗi ba. Tafinta ne. Mutum ne mai rai da ya yi shekaru yana koyon harshe biyu, wanda dole a same shi zaune yana jira ko da ƙarfe uku na dare, kuma hannu da ido suna gajiya, sai an riƙa karɓarsa. In aka ce kurma ya biya, to minti ɗaya nasa zai ninka na mai ji sau ɗari, talaka kuwa ya fita daga lissafi ke nan. Amurka ta warware wannan tun a dokar naƙasassu ta 1990, wadda sashenta na huɗu ya ɗora wa kamfanonin waya nauyin samar wa kurame hidimar da ta yi daidai da ta kowa. A 1993 aka kafa asusu, kowane kamfani na zuba wani kaso na kuɗin shigarsa, daga ciki ake biyan masu hidimar gwargwadon mintocin da suka yi. Kurma ba ya biyan ladan tafinta. Hujjar tana da ƙarfi a wurina: kowane kira yana da baki biyu. Likitan da ya samu ya yi magana da majinyacinsa, da mai kagon da ya samu kuɗinsa, su ma sun ci moriya, don haka duk mai riƙe da waya ya sa hannu a biya.

Sai dai inda aka tara kuɗi, ƙuda ba ya rasa hanya. Farashin minti ɗaya ya haura dala 17 a 2002, kafin FCC ta sare shi zuwa ƙasa da dala 8 a shekarar da ta biyo. Duk da haka riba ta yi yawa har wasu suka gane cewa kiran ƙarya ma kuɗi ne. Suka riƙa biyan mutane su buga waya su bar ta a buɗe, tafinta na zaune ba wanda ke magana, mintoci na taruwa. A watan Nuwamba na 2009 gwamnatin Amurka ta gurfanar da mutum 26 kan wannan zamba, kuma mai kamfanin Viable, John Yeh, ya samu ɗaurin shekara tara. Abin baƙin ciki shi ne kuɗin da aka sata na kurame ne, kuma su aka fara yi wa kallon zargi. Bayan nan aka tsaurara rajistar masu amfani, aka hana biyan mutum don ya yi kira, aka riƙa binciken littattafan kamfanoni.

Ƙa'idojin Amurka da suka fi muhimmanci a ganina su ne waɗanda suka shafi mutuncin mai kira. Dole hidimar ta kasance dare da rana. Dole a amsa kashi 80 cikin ɗari na kira kafin daƙiƙa 120. Tafinta ba shi da ikon faɗa wa kowa abin da ya ji, ba shi da ikon ragewa ko ƙarawa ko ba da shawara. In kurma ya yi faɗa, faɗan zai isar. An kuma hana kamfani ya kulle na'urarsa yadda ba za a kira ta wani kamfani ba, sannan daga ƙarshen 2008 aka ba kurame lambar waya ta gama-gari da kowa zai iya bugawa. Wasu ƙasashen sun bi hanyar da ta fi sauƙi. Kanada ta fara tata a Satumban 2016 da hukuma guda mai zaman kanta, aka yanke mata a lokacin iyakar dala miliyan 30 ta Kanada a shekara. Birtaniya ta fara da inda rai ke kan siraɗi: tun watan Yunin 2022 kurma na iya kiran lambar gaggawa ta 999 da harshen hannu, kyauta, kuma hukumar Ofcom ce ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ɗaukar nauyin.

Saudiyya ta fi karkata ga kowace ma'aikata ta yi nata. Ma'aikatar lafiya tana da manhajar Ishara da ke haɗa kurma da tafinta ta bidiyo, hukumar agaji ta Hilal Ahmar tana da manhajar As'ifni da ake neman motar asibiti ba sai an yi magana ba. Ƙasar ta buɗe makarantun kurame na Al-Amal tun 1964, ta kafa hukumar kula da naƙasassu a 2018, ta fitar da sabuwar dokar haƙƙoƙinsu a 2023, ana kuma fassara huɗubar Juma'a ta Harami da hannu. Har sassaucin da aka yi a Satumban 2017 kan manhajojin kiran murya da bidiyo ya taimaki kurame fiye da kowa, don kafin nan ko kiran ƙanwa irin wanda na gani yana da wuya. Waɗannan ci gaba ne na gaske. Amma hidimar da ke hannun ma'aikata ɗaya tana kai mutum ƙofar wannan ma'aikata ne kaɗai. Ba za ta kira masa mai kago ba, ba za ta kira masa direban da ya manta jakarsa a Bab Makka ba.

Ko da za ta kira, akwai katangar da mu masu ji ba ma ganinta. Mutane da dama sun ɗauka maganar hannu iri ɗaya ce a duk duniya. Ba haka ba ne. Tafintan Jidda da harshen hannu na Saudiyya yake aiki, wanda ke da kalmominsa da tsarinsa. Mu kuma a ƙasar Hausa muna da biyu. Akwai maganar hannu ta gargajiya, wadda ake kira maganar bebaye, wadda kurame suka gada kaka da kakanni a kasuwanni da majalisu, wadda masaniya Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Akwai kuma ta makaranta, mai tushe a harshen hannu na Amurka, wadda Andrew Foster ya shigo da ita ta Ibadan a 1960, kuma da ita ake karatu a makarantu irin ta Tudun Maliki da aka buɗe a Kano a 1977. Ɗan'uwana yana cakuɗa su ne, ya yi ta makaranta da abokansa, ya yi ta gida da mahaifiyarsa. Na ga ya haɗu da wani kurma Balarabe kusa da Gidan Nasif, suka yi dariya, suka gane juna a kan ƙasa da iyali da zafin gari. Wannan ya isa zumunci. Bai isa a bayyana wa likita inda ciwo yake da irin maganin da mutum ke sha ba.

Shi ya sa nake ganin ba Saudiyya ce za ta warware wa kurman Bahaushe matsalarsa a Balad ba. Daga gida za a warware ta. Dokar ma tana nan. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci a Janairun 2019, aka kafa musu hukuma a 2020, kuma babban sakatarenta na farko, James Lalu, shi kansa kurma ne. Asusun ma yana nan. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun kai sadarwa ga kowa, USPF, ƙarƙashin hukumar NCC, ana ciyar da shi daga harajin da kamfanonin waya ke biya duk shekara. An kafa shi ne don waɗanda kasuwa ta tsallake. Mun saba fassara wannan da ƙauyen da ba shi da turken sabis, amma telan da ke tsakiyar Kano, sabis cike a wayarsa, ba ya iya kiran 112 in gobara ta tashi, shi ma kasuwa ta tsallake shi.

Ba na cewa mu kwafi tsarin Amurka na biyan minti-minti. Mu da muka ga abin da ya faru da tallafin man fetur mun san inda wannan zai kai mu. Tsarin Kanada ya fi dacewa da mu: cibiya ɗaya, kasafi sananne, kurame da kansu a cikin masu kula da ita, ana wallafa lissafi kowa ya gani. A fara kamar Birtaniya da kiran gaggawa da na asibiti, a yafe kuɗin data ga wannan manhaja kaɗai, don bidiyo na cin data kamar wuta a ƙaiƙayi. Abin da ya fi komai wuya shi ne tafintoci. Waɗanda muke gani a gefen talabijin yawancinsu Turanci suke juyawa. Wanda ake bukata shi ne mai jin Hausa, mai iya maganar hannu iri biyun, wanda aka jarraba aka ba shi shaida, aka rantsar da shi kan riƙe sirri. A garin da kowa ya san kowa, wannan rantsuwa ba ƙaramin abu ba ce. Dole mace ta iya neman tafinta mace, dole mutum ya iya cewa a sauya masa wani in ya ga fuskar ɗan unguwarsu. Irin waɗannan mutane muna da su a gidaje, 'ya'ya da ƙannen kurame ne da suka tashi da harshen a hannunsu, suna yin aikin kyauta shekara da shekaru. Horo da albashi suka rasa.

Dokar Amurka ta yarda ɗan ƙasar da zai yi tafiya ya yi rajista kafin ya tashi, ya ci gaba da kiran tafintansa daga ƙasar waje na wani ɗan lokaci. Wannan tanadi ne hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ya kamata ta duba. Kowace shekara miliyoyin riyal na tafiya kan masauki da motoci da abinci, ɗaki guda a Kano mai tafintoci kaɗan da ke karɓa-karɓa a watannin Hajji da Umarar Ramadan ba zai karya kowa ba, kuma likitocin tawaga a Makka da Madina su ne za su fara gode masa.

Daren da za mu baro Jidda ciwon ciki ya murɗe ɗan'uwana wajen ƙarfe huɗu na asuba. Ƙarfe biyu ke nan a Kano. Ya kira ƙanwarsa sau uku, wayarta na kashe. Muka tafi kantin magani ni da shi, yana nuna min gefen cikinsa, yana wata alama da yatsu biyu a kan damtsensa da ban taɓa gani ba. Na ce wa mai kantin ciwon ciki ne kawai. Sai da gari ya waye ƙanwar ta kira, ya maimaita mata alamar, ta ce min, "Yaya, ai cewa yake akwai allurar da in an yi masa jikinsa ke kumbura."