Kilishi Mai Zaƙi da Yaji, da Yadda Za a Yi Shi a Gida

Wanda duk ya ratsa lungunan birnin Zariya washegarin Babbar Salla, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ba zai rasa jin ƙamshin suya yana tasowa ta kan katangu ba, domin al'adar yawancin matanmu ita ce su soya naman layya da kitsensa har ya yi ƙarau, sannan su juye shi a kwalla, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har watan Muharram ya kama. Wannan dabara ce mai kyau, ba kuwa mai kushe ta. Amma akwai wata hanyar adana nama wadda ta fi suya daɗewa, ta kuma fi ta ban sha'awa a baki, wadda muka sallama wa mahauta baki ɗaya, har ya zama yaro ya tashi yana tsammanin kilishi wani abu ne da ba a samunsa sai a tiren mai talla ko a bakin tasha, alhali kuwa babu wani abu daga cikin kayan haɗinsa da ba a sayarwa a kasuwar birni, babu kuma wani aiki a cikinsa da ya fi ƙarfin uwargida mai haƙuri.

A ƙasar Amurka akwai wani abin marmari da suke yi da naman alade, su yanka shi siri-siri, su barbaɗe shi da jan sukari da garin barkono, su gasa har sukarin ya narke ya daskare a jikinsa, kuma matasanmu masu kallon hotunan girki a waya sun sha ganinsa. Hukuncin wannan nama a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, haramcinsa ya zo a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, saboda haka ba mu da magana a kansa. Sai dai hikimar da ke cikin girkin, wato a tara zaƙi da yaji da gishiri a kan nama guda, tana nan a wurinmu tun da daɗewa, a kan naman halal, kuma cikin siffar da ta fi tasu jure ajiya. Ajiyar kanta ma ba ta da wata shubuha, don ya tabbata a hadisi cewa an taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabukata da suka shigo Madina, daga baya aka yi izini a ci, a ciyar, a ajiye. Kuma Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa wani tela ya gayyaci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kawo masa romo mai kabewa da busasshen nama. Abin da ya rage ga mai layya shi ne ya fara fitar da rabon maƙwabta da miskinai kafin ya yi tunanin shanya.

Sharaɗi na farko shi ne zaɓen nama. Tsokar cinyar sa ake so, jan nama zalla, wanda aka cire wa kitse da jijiya, domin kitse ba ya bushewa, tsufa yake yi, kuma shi ne ke sa kilishi ya ɗauki warin tsohon mai bayan 'yan makonni. Cinyar rago ma tana yi, ko da yake shimfiɗarta ba za ta yi faɗi ba. Sai yanka, wanda a nan ne gwanintar mahauci take, kuma ya kamata mai koyo ya je ya tsaya ya kalla da idonsa ko sau ɗaya: zai ga an riƙe dunƙulen tsoka a hannun hagu, an sa wuƙa mai kaifi a gefensa, ana shafta ana juya shi a hankali kamar mai warware rawani, har abin da bai fi dunƙulen hannu ba ya zama shimfiɗa mai tsawon kamu, wadda in an ɗaga ta wajen rana sai haske ya ratsa ta. Uwargida ba lalle ta kai wannan matsayi ba, ba kuwa a bukatar ta kai. In tana da firiji, ta sa naman ya ɗan ƙanƙara, zai tsaya wa wuƙa, ta yanka shi fale-fale gwargwadon tafin hannu; in ba ta da shi, ta roƙi mahaucin da ta saba saye a wurinsa ya yanka mata yankan kilishi, ta ƙara masa ɗan ladan aiki.

Daga nan sai shanyar farko, a kan asabari ko gadon kara mai tsabta, a wurin da rana ke bugawa kuma iska ke ratsawa. Masana sun ce kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen nama ruwa ne, kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da shi ba sa iya yaɗuwa sai da wannan ruwa, saboda haka duk aikin kilishi tsere ne tsakanin rana da ruɓa, kaurin yanka kuwa shi ke yanke hukuncin wanda zai riga. Wannan ne kuma ya sa kilo 3 na tsoka da ƙyar yake barin kilo 1 bayan ya bushe, wanda ya san haka kuwa zai rage yi wa masu sayarwa ƙorafin tsada. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yini guda ya isa. Da damina kuwa, wadda Babbar Salla ke faɗowa cikinta a 'yan shekarun nan, tun da shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, hatsarin ya fi yawa, kuma wanda ya ga hadari ya ƙi wucewa gara ya koma ga tanda ko ya haƙura ya soya. A kowane lokaci dai a rufe shanyar da tsohon gidan sauro da aka wanke, a ɗaga shi kada ya taɓa naman, saboda ƙuda, sannan a sa yaro ya yi gadin shirwa da kyanwa.

Yayin da nama ke shan rana sai a haɗa labu, wato kunun gyaɗar da ake tsoma shi a ciki. Tushensa tunkuza ce, wadda masu ƙuli-ƙuli ke samu bayan sun matse mai, kuma da wuya a rasa mai wannan sana'a a unguwa. In an rasa, a daka ƙuli-ƙuli a tankaɗe. Ga kilo 1 na ɗanyen nama, rabin kilo na tunkuza ya wadatar. A dama ta da ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba markaɗaɗɗiyar albasa da tafarnuwa, da garin barkono, da citta, wadda mafi kyawunta daga Kaciya da Kwoi take zuwa, da masoro, da kimba, da ɗan kanumfari kaɗan don yana da rinjaye, da gishiri, har ya yi kaurin da zai kama bayan cokali ba tare da ya tsaya cak ba. A nan akwai gargaɗin da bai kamata a wuce shi da sauri ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wani dafi da ake kira afalatoksin, wanda aka gano bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abinci mai garin gyaɗa, kuma dafi ne mai cutar da hanta, wanda wutar gashi ba ta kawar da shi. Saboda haka tunkuzar da ke da ɗaci ko warin rima ba ta da wurin zuwa sai juji, komai arharta.

Sai zaƙi, wanda shi ne inda mutane suka fi ɓata aikinsu. Ni a ganina, mafi dacewa da mutumin Zazzau shi ne mazarƙwaila, wadda ake dafawa daga raken ƙasar Maƙarfi da kewayenta, domin tana da wani ƙamshi na dafaffen rake da farin sukari ba shi da shi, kuma tana ba kilishi launi mai duhu ba tare da an zuba masa kala ba. A jiƙa ta ta narke, a tace saboda tsakuwa, a zuba misalin cokali 3 ga wancan ma'auni. Zuma ma tana yi, haka dabinon da aka jiƙa aka markaɗa. Amfanin zaƙi a nan shi ne ya tare kaifin barkono, ta yadda mai ci zai fara jin gyaɗa da nama, sannan yaji ya biyo baya a hankali ya zauna a maƙogwaro. Kuma sukari yana riƙe 'yar laima, shi ya sa kilishi mai zaƙi yake lanƙwasuwa maimakon ya karye. Amma in ya yi yawa, sai ya danne ɗanɗanon nama, ya jawo tururuwa, ya sa kilishin ya yi danƙo a ajiya, kuma wasu masu talla da ke cika shi ba don daɗi suke yi ba, don labu mai kauri da sukari sun fi nama arha a kan sikeli. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa ya san wannan abin taɓawa ne, ba na ƙoshi ba.

In naman ya bushe har yana ƙara in an taɓa shi, sai a tsoma shi cikin labu, a bar shi kamar sa'a guda ya sha ya yi laushi, a fitar, a shafe abin da ya yi yawa da hannu, a mai da shi rana har labun ya kama jikinsa ya daina manne wa yatsa. Ƙarshen aiki shi ne gashi, kuma ba a tsallake shi, domin rana busarwa take yi, wuta ce ke dafawa. Garwashi ake so wanda harshensa ya kwanta, a ɗora raga sama da shi da kamar taƙi guda, a riƙa juyawa ba ƙaƙƙautawa na 'yan mintoci, har man gyaɗa ya fara tsattsafowa, launi ya koma ja mai duhu. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana a 1912 yadda sukari da sinadaran nama ke haɗuwa a kan wuta su haifar da wannan launi da ƙamshi, amma tsakanin ƙamshin da ƙauri tazarar kaɗan ce ƙwarai, kuma kilishi mai zaƙi ya fi marar zaƙi saurin ƙonewa, saboda haka wadda ta ɗora shi kada ta tafi amsa sallama. Mai tandar lantarki ko ta gas tana iya yin shanyar duka biyu a ciki, a zafin digiri 70 zuwa 80, ta bar ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita, sannan ta ƙara wuta a ƙarshe.

'Yan'uwanmu na Nijar, musamman mutanen Madawa, sun kasa kilishi gida uku, ja da fari da rumuzu, wanda shi na ƙarshen mai da yaji kawai ake shafa masa ba tare da labu ba, kuma wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba yana iya bin wannan hanya ya ɗiga zuma a cikin man. Kowanne aka yi, a bar shi ya huce sarai kafin a naɗe, a sa shi a takarda mai tsabta, ba jarida ba, ba kuma takardar buhun siminti ba, a ajiye inda babu laima. Leda tana sa shi gumi, gumi kuwa shi ke kawo fumfuna. Wanda bai taɓa yi ba, ya fara da rabin kilo idan hunturu ya shigo, kafin ya taɓa cinyar ragon layya.