Lituwaniya: Ƙasar da dandalin wasan kwaikwayo ya ɗauki maganar ruhi

A ƙasar Lituwaniya da ke gaɓar tekun Baltik, 'yan kallo sun daɗe suna zuwa gidan wasan kwaikwayo da tambayoyin da a wasu ƙasashe ake kai wa malaman addini: mene ne ruhi, me ya sa bawa ke shan wahala, ina mutum zai dosa bayan mutuwa.

Tarihi ne ya jawo haka. Lituwaniya ce ƙasar Turai ta ƙarshe da ta bar addinin gargajiya, a 1387. Daga 1864 zuwa 1904 Rasha ta hana buga littattafai cikin harshen ƙasar da haruffan boko. Daga baya mulkin Sobiyet ya takura wa addini, har babbar majami'ar Vilnius aka mayar gidan baje hotuna. Abin da ba ya faɗuwa a fili sai ya koma bakin 'yan wasa.

Marubuci Vydunas (1868-1953) na cikin waɗanda suka share hanya. Ya haɗa falsafar Indiya da al'adar kakanninsa, waɗanda ke girmama wuta. A wasanninsa, kamar "Wutar da ba ta mutuwa", al'umma ba ta samun 'yanci sai kowane mutum ya tsarkake zuciyarsa. 'Yan Nazi sun ɗaure shi a 1938, kuma a Jamus ya rasu, nesa da gida.

A zamanin Sobiyet, Justinas Marcinkevicius ya fake da tarihi. Wasansa "Katedra" (1971) labarin maginin wannan majami'a ne, kuma 'yan kallo sun san hannunka-mai-sanda ake yi musu. "Mazvydas" (1977) kuwa ya ɗauko limamin Kirista da ya wallafa littafin farko cikin harshen ƙasar a 1547, yana zaman baƙunci, kewar gida na cin sa.

Darakta Eimuntas Nekrosius, wanda ya rasu a 2018, ya rage surutu, ya bar ruwa da wuta da dutse su yi magana. A "Hamlet" ɗinsa na 1997, fatalwar uba tana miƙa wa ɗanta wuƙar ramuwa a cikin dunƙulen ƙanƙara. A 2014 ya kai labarin Ayuba kan dandali, tare da tsohuwar tambayarsa: me ya sa jarabawa ke faɗa wa mutumin kirki?

An mayar wa masu ibada majami'ar Vilnius a ƙarshen shekarun 1980, amma dandalin bai saki waɗannan tambayoyi ba.