Yadda ƙwaƙwalwar ɓera ke ɗauke da taswirar gashin bakinsa

Ɓera, wanda wasu ke kira kusu, yakan ratsa rumbu cikin duhun dare ba tare da ya yi karo da komai ba, duk da cewa ganinsa ba shi da ƙarfi. Abin da ke yi masa jagora shi ne dogayen gashin bakinsa, waɗanda yake kaɗawa gaba da baya sau da dama a cikin daƙiƙa guda, kamar yadda makaho ke lalube da sanda.

Shi kansa gashin ba ya jin komai. Aikin yana a gindinsa ne, inda jijiyoyi fiye da 100 ke kewaye da tushen kowane babban gashi. Da zarar gashin ya taɓa bango ko buhun hatsi ya lanƙwashe, sai jijiyoyin su aika saƙo. Saƙon yakan yada zango a gindin ƙwaƙwalwa, ya tsallaka ɗaya ɓangaren zuwa wata mahaɗa da ake kira talamus, daga nan ya isa saman ƙwaƙwalwa. Ke nan gashin dama da ɓangaren hagu yake magana, na hagu kuma da na dama.

Tun a 1912 wata mai bincike a Amurka, Stella Vincent, ta nuna cewa ɓerayen da aka aske wa gashin baki sun fi shan wahalar gane hanya. Amma sai a 1970 aka ga inda saƙon ke sauka. A shekarar ce Thomas Woolsey da Hendrik Van der Loos, na Jami'ar Johns Hopkins, suka duba ƙwaƙwalwar ƙananan ɓeraye da madubin ƙara girman abubuwa, suka tarar da ƙwayoyinta sun taru rukuni-rukuni, kowane rukuni da siffar ƙaramar ganga. Daga baya an samu irin wannan tsari a manyan ɓeraye.

Abin mamakin shi ne jerin gangunan. Manyan gashin bakin ɓera suna jere ne a layi 5 a kowane gefen fuska, gangunan ma layi 5 ne, kuma kowane gashi da tasa gangar. Idan aka taɓa gashi na biyu a layi na uku, ganga ta biyu a layi na uku ce ke fara amsawa. Da wannan ne ɓera ke sanin ta ina abu yake, da faɗin rami, da ko wuri na da kaushi ko santsi.

Sai dai taswirar ba ta kammaluwa sai da gudummawar gashin. A 1973 masanan biyu sun nuna cewa idan aka lalata tushen wasu gashi a ranar da aka haifi ɓera, gangunansu ba sa fitowa yadda ya kamata. Idan kuwa aka bari kwanakin farko suka wuce, siffar gangunan ta riga ta kafu. Duk da haka babban ɓera ma yana sauyawa: in aka aske dukkan gashin aka bar guda, sannu a hankali gangunan da ke maƙwabtaka sukan ƙara amsa saƙon wanda ya rage.

Ɗan Adam ma yana da irin wannan taswira. Likitan tiyata Wilder Penfield, wanda ya yi aiki a birnin Montreal na Kanada, ya nuna cewa hannu da leɓɓa sun fi baya da cinya samun fili a ƙwaƙwalwa, domin da su mutum ya fi lalube. Abin da yatsu suke ga mutum, shi gashin baki yake ga ɓera.

Shi ya sa masu bincike ke yawan komawa ga waɗannan ganguna. Tun da an san gashin da ke da kowace ganga, ana iya bin diddigin abin da ke faruwa idan jini ya yanke a wani sashe na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake gani a ciwon shanyewar ɓarin jiki, da kuma yadda sassan da suka tsira ke karɓar aikin wanda ya lalace.