Ba A Ɗakin Tiyata Aikin Ciki Ke Ƙarewa Ba

A Illela, idan aka fito da mutum daga tiyata yana numfashi, sai dangi su yi hamdala a shiga barka. Ni kuwa ina ganin a lokacin ne rabin aikin ya fara, domin miki na iya ruɓewa har kwana 30 bayan an yi ɗinki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016 cewa kashi 11 cikin ɗari na waɗanda ake yi wa tiyata a ƙasashe masu tasowa na kamuwa da ciwon miki. A Afirka, matan da aka ciro wa jariri ta tiyata, adadin kan kai kashi 20.

Babban abin da ke jawo mana wannan shi ne jinkiri. Mai taifod zai yi mako yana shan jiƙo da ƙwayoyin kasuwa har hanjinsa ya huje. Kafin a kai shi asibiti, a nan gari ne, ko Sakkwato, ko a tsallaka Ƙonni zuwa Galmi, ƙazanta ta riga ta malale cikin ciki, kuma irin wannan aiki ya fi kowanne saurin yin mugunya. Ciwon suga, ƙarancin jini, rashin abinci mai gina jiki da shan taba duk suna hana nama haɗewa.

Asibiti na da nasa haƙƙin. Ƙa'idar hukumar ita ce majiyyaci ya yi wanka da sabulu kafin aiki, kada a aske wurin da reza, a kuma yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 120 kafin yanka. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022, wanda aka gudanar a ƙasashe bakwai har da Nijeriya, ya nuna cewa sauya safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki ya rage ciwon daga kashi 18.9 zuwa 16. Wannan bai fi ƙarfin kasafin kowace jiha ba.

Saura namu na gida. Kada a barbaɗa garin kafso, toka ko man shanu a kan ɗinki. Mai sauya bandeji ya wanke hannu da sabulu. Mai jegon da aka yi wa aiki ta nemi shawarar likita kafin ta fara wankan jego. Da zarar an ga wurin ya yi ja, ya kumbura, yana tsiyayar ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a ranar, kada a jira a ci kasuwar Lahadi a sami kuɗin mota. Mikin da aka tara da wuri wanki da magani kan ishe shi. Wanda aka bari yakan buɗe, ya ci dabbobin gida, wani lokaci har da rai.